Kang Huɗu a Tebur Ɗaya

Yau hirar ta 'yan tebur ce, mu da muke raba dare muna shafa wa 'yan mutum-mutumin roba fenti da siririn buroshi. Kun dai san yadda abin yake. A shimfiɗa taswirar gari, a jera gidajen kwali da 'yan motoci, kowa ya fito da jarumansa na littattafan zanen Amurka, a jefa dayis, a ga wanda zai kwana da murmushi. Mai ƙarfi ba ya ba mu wahala, dayis kawai za a ƙara masa. Mai tashi sama kuwa a bar shi ya tsallake gini abinsa. To amma wanda yake yawo cikin zamani fa, wanda ya leƙa gobe ya dawo jiya? Nan ne duk muke yin tsit mu kalli juna, sai kuma dariya ta kuɓuce.

Ai daɗin wasan nan gaba ɗaya yana cikin abu guda, dayis in ya faɗi ya faɗi. Kamar lido ne, in an cinye maka ɗa a bakin gida ba mai dawo maka da shi, kuma wannan ƙunar ce take sa a ce a sake bugawa. Shi kuwa matafiyin zamani duk baiwarsa ita ce warware abin da ya riga ya ƙullu. Ku ɗauka an ba shi ikon mayar da zagaye guda baya: a ɗau hoton tebur da waya, a mayar da kowa inda ya tashi, ƙawarmu da ta yi jifa mai kyau har ta miƙe tana tafi a ce mata ai wannan bai faru ba. Haba, wa zai iya kallon fuskarta? Wasan Marvel: Crisis Protocol, wanda kamfanin Atomic Mass Games ya fitar a 2019, zagaye shida ne kacal, in ka goge ɗaya ka goge kashi ɗaya cikin shida na daren mutane. HeroClix na kamfanin WizKids, da ke nan tun 2002, ya bi ta a hankali, akwai wata baiwa da take bari ka sa a sake jifa ɗaya. Tana da daɗi, ba a musu, sai dai ita ake ba masu sa'a da masu tsafi ma, don haka ba ta da ƙamshin zamani ko kaɗan. Sai ka ji kamar an rage wa jarumin wani abu, wayyo.

Shi ya sa mu a zamanmu muka fi son mu koma cikin labarin mu tambaya, me tafiyar nan ta ci masa? Abin da ya rasa shi muke ɗorawa a kan katin jarumin, ikon ya biyo baya.

Ku dubi Cable, don Allah. Ya fito da girmansa a New Mutants fitowa ta 87, shekarar 1990, daga hannun Louise Simonson da Rob Liefeld, da furfura da hannun ƙarfe da bindiga kamar za ta rinjaye shi. Sai daga baya aka gane ashe jaririn Cyclops ne, wanda wani mugu mai suna Apocalypse ya sa wa cutar da take mayar da nama ƙarfe, har uban ya miƙa shi aka tafi da shi can gaba mai nisa don ya rayu. Ya dawo ya girmi mahaifinsa. Ku jera su biyun a tebur ku gani, ɗan da furfura, uban da baƙin gashi, wallahi sai zuciya ta motsa. Kuma yana da ƙarfin motsa abubuwa da tunani, amma yawancinsa a danne cutar nan yake ƙarewa dare da rana. To ga doka ta fito da kanta: duk sanda Cable ya saki wannan ƙarfi ya kare wani, a jefa dayis ɗaya, in ya faɗi ƙasa cutar ta ci gaba, ya ɗau rauni. Mai riƙe da shi sai ya tsaya da hannu a sama yana tunani, in cece ta ne ko in ceci kaina? Mu kuma duk mun riƙe numfashi tare da shi, hmm.

Booster Gold kuwa, ɗan gidan DC, shi ne ɗan lelenmu. Dan Jurgens ya ƙirƙiro shi a 1986. Ɗan ƙwallon Amurka ne daga ƙarni na 25, caca a kan wasanninsa ta zubar masa da mutunci, ya koma gadin dare a gidan adana kayan tarihi, ya kwashi kayan jarumai ya gudo zamaninmu neman suna, yana tafe da ɗan na'urarsa Skeets mai cike da labaran abin da zai faru. Yadda muke yi masa, kafin a fara wasa sai a jefa dayis uku a kife su da kofi, mai shi kaɗai ya leƙa. Jaridar gobe ke nan. Duk lokacin da ya so sai ya zaro ɗaya ya musanya da jifar da aka yi, tasa ko ta abokin karawa, amma da ya yi haka tarihi ya goce, sauran na cikin kofin sai a sake jefa su a ɓoye. Ba a goge murnar kowa ba, ga shi kuma kowa na satar kallon kofin nan kamar zai yi magana. A jerin labaransa na 2007 ya koma gyaran zamani a asirce tare da wani jarumi mai suna Rip Hunter, ya bar duniya tana ɗaukarsa sakarai don kada a gano aikinsa. Saboda haka makin da ya ci ba a faɗa, a takarda ake rubutawa a ninke sai an tashi. Ranar da aka buɗe takardar aka ga ashe shi ya ɗauke wasan, ihun da muke yi sai wanda ya ji!

Kitty Pryde ba ta buƙatar sabon mutum-mutumi ma. A labarin Days of Future Past na 1981, na Chris Claremont da John Byrne, hankalinta ne kawai ya taso daga 2013, wadda a lokacin can gaba take, ya shiga jikinta na yarinta don ta hana a kashe Sanata Robert Kelly. Fim ɗin 2014 ya ba Wolverine tafiyar, amma mu Kitty muka sani. Tunda katunan Crisis Protocol fuska biyu ne da su, ta lafiya da ta rauni, sai mu ari dabarar: fuska ɗaya 'yar yarinya, ɗayar kuma matar da ta ga kaburburan abokanta. A sa sanata a tsakiyar tebur, ba shi da baiwar komai, a ce a tsare shi har zagayen ƙarshe. Sanda aka juya katin nan, ɗakin yakan yi wani irin sanyi, Allah sarki.

To sai uban rikici, Kang. Ya bayyana a Avengers fitowa ta 8 a 1964, daga Stan Lee da Jack Kirby, amma shekara guda kafin nan ya riga ya fito a Fantastic Four da sunan Rama-Tut, fir'auna a tsohuwar Masar. In ya tsufa shi ne Immortus. A 2005 kuma aka kawo mana shi yana saurayi, Iron Lad, yaron da ya ga mugun da zai zama ya ce shi ba ya so. Mutum ɗaya, fuska huɗu! Tsofaffin 'yan HeroClix sun tuna lokacin da jarumi guda yake zuwa kala uku, sabon shiga da zoben rawaya, gogagge da shuɗi, tsohon hannu da ja. Ai kamar don Kang aka yi. Mukan bari sau ɗaya a wasa a ɗauke shi a dasa fuskarsa ta wasu shekaru a gurbin, raunukan dai suna nan, ba a yafe ko ɗaya. In kuwa Iron Lad yana ɗaya ɓangaren, duk raunin da yaron ya ji sai babban ya ji rabinsa, don jikinsa ne na da. Sai ka ga mai riƙe da Kang yana lallaɓa yaron, yana roƙon 'yan ɓangarensa su bi shi a hankali, mu kuwa har da riƙe ciki.

Abu ɗaya ne har yau ya gagare mu. In Iron Lad ya kayar da Kang, makin na wa ne? Wasu sun ce na yaron ne, ai shi ya yi jifar. Wasu sun ce yaron nan kansa ya kayar, a zare masa maki ma. Ɗaya daga cikinmu ta ce a ba Immortus, tunda ƙila shi ya shirya komai daga inda yake zaune. Ku zo da amsarku ranar wasa, aminaina, ku taho da ƙarin kofi kuma, don na Booster ba mai shan shayi a cikinsa!