Raina Kama Ka Ga Gayya

Akwai maganar da mu 'yan jami'a ba mu cika son yi ba, wato maganar inda ruwan masai da na kwata yake zuwa bayan mun rabu da shi. Ni kuwa ita ce ta fi damuna tun da karatu ya kai ni wani ɗan gari mai suna Arkata, a arewacin jihar Kalifoniya ta Amurka.

Arkata na bakin wani mashigin teku da ake kira Hambolt. A ƙidayar 2020 mutanenta sun kusa 19,000. A cikin wannan mashigi ake kiwon kawa, wani abin ruwa mai ɓawo da suke ci, har ɗanye. Ka ga ke nan in najasa ta shiga ruwan, lafiya da sana'a duka sun tafi.

A 1972 gwamnatin tarayyarsu ta kafa dokar tsabtace ruwa, a 1974 kuma jihar ta hana zuba ruwan ƙazanta a irin wannan mashigi, sai fa in an nuna zai ƙara masa amfani. Aka shirya gina wata babbar ma'aikatar tace ruwa ta miliyoyin daloli, wadda garuruwan yankin za su yi tarayya a kai. Mutanen Arkata suka duba aljihunsu, suka ce da sake.

To, a nan ne malaman jami'ar garin suka shigo. George Allen, masanin kifi, ya riga ya gwada renon 'ya'yan kifi a gaurayen ruwan kwata da na teku. Robert Gearheart kuma injiniya ne. Su da ɗalibansu suka yi shekaru suna gwaji a ƙananan fadamu, suna ɗibar ruwa suna aunawa, har hukuma ta gamsu. A 1986 aka kammala aikin.

Ga yadda abin yake. Da fari a tsayar da ruwan, daskararren ƙazanta ya kwanta a kwashe. Daga nan ya shiga manyan tafkuna, inda rana da gansakuka da ƙwayoyin bakteriya suke cinye dattin. Sa'an nan ya ratsa fadamun da aka shuka wa kacala da ire-irenta, a hankali, saiwoyi suna tace shi. Kafin a sake shi cikin mashigi sai an kashe sauran ƙwayoyin cuta. Wani sashe na filin a dā jujin gari ne, wani kuma kangon masana'antar katako.

Na sha zagaya wurin da yamma. Tsofaffi na tattaki, yara na tsere a kan keke, wasu sun kafa tabarau mai hangen nesa suna kallon tsuntsaye, waɗanda aka ƙirga fiye da iri 250 a wurin. Fadamu uku suna ɗauke da sunan Allen, da Gearheart, da Dan Hauser, ɗan majalisar garin da ya tsaya musu. Raina kama ka ga gayya!

Ba na cewa dabarar ba ta da cikas. Fadama tana son fili mai yawa, laka na taruwa sai an yashe, ga shi kuma teku na ƙara hawa, wurin kuwa a ƙasa-ƙasa yake. Duk da haka ta yi wa garin hidima shekaru da dama.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne malaman nan ba su ga girmansu ya wuce kwatar garinsu ba. 'Yan'uwa ɗalibai, kowannenmu ya san wani kududdufi ko lambatu da yake toshe hanci in zai wuce. Wa muke jira ya zo ya auna ruwan? Digirin da yake ƙyamar kwata, wanda yake sha daga rijiyar da ke kusa da ita bai ga amfaninsa ba.