Daga Tashar Apapa Zuwa Kasuwar Getso

Da sassafe muka bar Kano ta titin Gwarzo, mu 'yan ajin tattalin arziki tare da malaminmu. Muka wuce sabuwar Jami'ar Bayero da Rimin Gado, muka ratsa ƙasar Kabo, gonaki dama da hagu, har muka sauka a kasuwar Getso da ke ƙaramar hukumar Gwarzo. Aikin da aka ba mu ɗaya ne: mu gano abin da ke yanka wa kwanon shinkafa farashi.

A layin 'yan hatsi muka tarar da buhunan shanshera jibge, ga kuma 'yar gida da aka sheƙe. 'Yar waje kuwa sai da muka yi cigiya. Malam ya ce amsar tana tashar jiragen ruwa ta Apapa a Legas, inda jami'an kwastam ke karɓar kuɗin fito. Shekaru da dama harajin shinkafar waje yana kai kashi 70 cikin 100. Muka buga lissafi a bayan littafi: ɗan kasuwar da ya sayo ta naira 100,000 daga Indiya ko Tailan, sai ya ƙara 70,000 kafin ya biya kuɗin mota. Dole ya yi tunani sau biyu, ko ya juyo wajen manoman gida.

Wasu kuma suka bi ta bayan fage. Sai a sauke shinkafar a Kwatano, inda harajin bai kai haka ba, a ratso da ita ta Nijar, a yi fasa-ƙwaurinta ta wajen Jibiya. Wannan na cikin dalilan rufe iyakokin ƙasa a watan Agustan 2019, ba a fara buɗe su ba sai Disambar 2020.

Wani dattijo manomi da muka gaisa da shi ya shaida mana cewa a shekarun nan ne shinkafarsa ta yi daraja, har ya ƙara gona. Amma wata baba da ke gefe, riƙe da kwanonta, ta ce ita abin da ta gani tsada ne kawai. A Yulin 2024 gwamnati ta sanar da ɗage harajin wasu kayan abinci na kwana 150, ciki har da masara da alkama da shinkafar da ba a gama gyarawa ba. Da farashi ya sauko, baba ta samu sauƙi, manomi kuma ya koma lissafin kuɗin taki.

A hanyar dawowa musu ya kaure a mota. 'Ya'yan manoma na cewa a bar harajin, 'yan cikin gari na cewa a cire. Malam bai raba gardamar ba. Cewa ya yi kowa ya je gida ya tambayi wace shinkafa ake dafawa, da dalilin sayenta, mu kawo amsa ranar Litinin.