Gidan Mambayya da Zauren Kakana



A hutun bara Baba ya tafi da ni Kano gaida dangi. Ni dai ɗokina Kasuwar Kurmi, amma ya ce sai mun fara zuwa Gwammaja, gidan Malam Aminu Kano, wanda ake kira Gidan Mambayya. Mambayya laƙabin mahaifiyarsa ne.

Da na ji an ce babban ɗan siyasa, na zaci bene zan gani irin na manyan Ankara. Akwai sababbin gine-gine kam, don yanzu wurin cibiyar nazarin dimokuraɗiyya ce ta Jami'ar Bayero. Amma ainihin inda ya zauna an bar shi yadda yake, da littattafansa da 'yan kayansa. Wallahi a Moshi Zango ma akwai gidajen da suka fi shi ƙawa. Na ce, "Baba, shi ke nan?" Ya ce, "Shi ke nan fa."

An haifi Malam a 1920. Malamin makaranta ne, ya koyar a Bauci, daga baya ya ajiye aiki ya jagoranci NEPU, jam'iyyar talakawa da aka kafa a 1950. A 1979 ya nemi shugabancin Najeriya a PRP, bai samu ba. Yana kuma tafsiri da azumi, abin da ban taɓa zato daga ɗan siyasa ba. Ya rasu ran 17 ga Afrilu, 1983, kuma kabarinsa na cikin gidan. Muka tsaya muka yi masa addu'a.

Tun a can hankalina ya dawo gida Tamale. Zauren Kaka, Allah ya jiƙansa, inda ya karantar da yaran unguwa shekara da shekaru, baffannina sun shirya rushe shi su yi shaguna. A mota na ce, "Baba, mu ma mu bar namu mana." Ya yi shiru, can ya ce, "Malam Aminu jami'a ke riƙe da gidansa. Mu kuwa hayar shagon nan ce za ta biya kuɗin makarantarku, har da kai."

Ban sami amsa ba, kuma har yau ban yarda duka ba.

Bayan Babbar Sallah magina za su zo. Na riga na kwashe allon Kaka da gafakarsa da buzun sallarsa, na ba Mma ta ɓoye min a akwatinta.