Rigar Amarya: Hoto Daban, Jiki Daban

Duk mai zuwa biki a Kano ko Kaduna ya san kayan amarya yanzu ba su tsaya a atamfa da leshi da lafaya ba. In an yi kamu an yi wuni, to akwai daren dina, kuma a nan ne kowa ke baza ido ya ga doguwar rigar da amarya za ta shigo da ita. Abin da na lura da shi, yawancin 'yan matanmu da hoto suke zaɓen rigar nan. Yarinya ta buɗe waya ta nuna wa tela, ta ce, "Irin wannan nake so." Shi kuma da yake ba ya son ciniki ya wuce shi, sai ya ce an gama. Ranar karɓar ɗinki kuma a yi ta cacar baki, ga kuɗin yadi sun tafi, ga biki saura kwana uku.

Ni dai ban ɗora wa tela laifin duka ba. Rigar amarya iri-iri ce, kowace da irin jikin da take karɓa, kuma wadda ba ta san bambancinsu ba ai caca take yi da kuɗin iyayenta.

Ita farar rigar ma, ko a wurin Turawa ba daɗaɗɗiyar al'ada ba ce. Da can amaryarsu kan sa rigarta mafi kyau ne, ko wace kala ce. Sarauniya Biktoriya ta Ingila ce ta sa fara a aurenta da Yarima Albat a 1840, masu hali suka kwaikwaya, daga baya hotuna da finafinai suka yaɗa ta duniya. Tun da aro muka yi, ya kamata mu san abin da muka aro.

Ta farko ita ce mai kama da laima. Sama a matse, daga ƙugu sai ta buɗe ta cika wuri, saboda akwai wani siket mai zobba ko tarin raga a ƙarƙashinta. Tana da kwarjini a babban zaure, amma tana cin yadi, tana da nauyi, kuma gajeriyar mace takan ɓace a cikinta. Shiga mota da ita ma aiki ne.

Ta biyu ita ce mai siffar harafin A, sunan da ya fito daga ɗinkunan Christian Dior na Faransa a 1955. Tana kama kafaɗa da ƙirji, sannan ta riƙa buɗewa a hankali har ƙasa. Wannan ba ta da abokin faɗa: siririya, mai jiki, doguwa, gajeriya, duk tana yi masu kyau.

Ta uku ita ce mai wutsiyar kifi, wadda ta fi tafiya da hankalin 'yan mata. Tana bin jiki tun daga ƙirji har gwiwa, sannan ta baje. Duk wadda ta taɓa sa siket ɗin siks-fisis ta san 'yar uwarta. Akwai kuma miƙaƙƙiya, mai sauka sambal ba buɗewa, da wadda ake yanke ƙugunta a ƙarƙashin ƙirji, yayin zamanin Josefin matar Nafoliyon a farkon ƙarni na 19, mai rufa asirin tumbi.

Kwanakin baya na raka ɗiyar yayata shagon hayar kayan amare. Ta ƙyalla ido ta ga mai wutsiyar kifi, ta sa, ta tsaya gaban madubi. Wallahi ta yi kyau. Na jawo kujera na ce, "Zauna mu gani." Da ƙyar ta ɗosana. Na ce, "To durƙusa ki gaida Hajiya." Sai dariya ta kama ta, ta ce, "Haba Anti, ai sai ta yage!" Na ce, "Ke 'yar nan, wadda kika gani a hoto tsayuwa kawai aka biya ta ta yi. Ke kuwa awa huɗu za ki yi kina zama kina tashi, ga dangin miji da za ki russuna wa." Mai siffar A ta ɗauka, ta ci abincinta a wurin dina hankali kwance.

Sai maganar wuya da hannu, inda rigima da iyaye ta fi yawa. Wasu na ganin in riga ta rufe jiki ta zama ta ƙauye. Masu kallon tsofaffin finafinan Amurka sun san Grace Kelly. Da za ta auri Yarima Rainier na Monako a 1956, Helen Rose, mai tsara kayan 'yan wasa a kamfanin MGM, ita ta tsara mata riga mai dogon hannu na leshi da wuya a rufe, kuma har gobe ana kwaikwayonta. Rigar Kate Middleton ta 2011 ma dogon hannu gare ta. To ina ƙauyancin? Abin lura kawai, tun wajen yanka za a faɗa wa tela. Rigar da aka yanka ba hannu, daga baya aka liƙa mata, ko daga nesa ana ganewa.

Jelar riga ma a duba wuri. Ta Gimbiya Dayana a 1981 ƙafa 25 ce, amma a doguwar majami'ar Sen Fol ta Landan aka ja ta, da 'yan mata masu riƙewa. A wurin da ƙawaye za su yanyame ki ana liƙi, takalma ne za su yi ta bi ta kanta, kuma in ta haya ce sai an biya ɓarna.

Don haka 'yar uwa, kafin ki tafi Kantin Kwari yankar yadi, ki san siffar da kike so, ki gwada irinta da takalmin da za ki sa ranar. Ki zauna, ki durƙusa, ki ɗaga hannu, ki ja numfashi. Ki tafi da wadda za ta iya gaya miki gaskiya, ba 'yar amshin shata ba. Hoton nan 'ya'yanki za su gani wata rana, su nuna wa nasu 'ya'yan.

Allah ya ba amarenmu zaman lafiya, ya sa albarka a abin da iyaye suka kashe.