Shekara Sittin, Kafin Shaidu Su Ƙare

Duk mai aikin rediyo ya san cewa sauraro ya fi magana wuya. Abin da ya ja ni ga Walter Scott ke nan, marubucin Sikotlan da ake ɗauka a matsayin uban ƙagaggen labari na tarihi a Turai, domin da kunne ya fara sana'arsa tun bai riƙi alƙalami ba.

An haife shi a birnin Edinbara a 1771. Yana ƙarami shan inna ta taɓa masa ƙafar dama, sai aka kai shi gonar kakansa a karkara ko zai samu sauƙi. Yaron da ba ya iya guje-guje sai ya zauna gindin kakarsa da gwaggonsa, yana shan labaran yaƙe-yaƙe da waƙoƙin dā. Ya girma ya zama lauya, amma bai bar bin tsofaffi ba.

Cikinsu akwai wani dattijo, Alexander Stewart, wanda ya yi yaƙi a tawayen 1745, lokacin da mutanen tsaunukan Sikotlan suka tashi don mayar da gidan sarautar Stuart kan gadon mulkin Birtaniya. A fagen fama Stewart ya ceci ran wani hafsan gwamnati. Da tawayen ya watse, hafsan nan ne ya yi ta kai-komo yana nema masa afuwa. Wannan labari Scott ya ɗora littafinsa Waverley a kai. A cewarsa, ya fara rubuta shi a 1805, shekara sittin cif bayan tawayen, ya fito a 1814 ba tare da sunansa ba.

Lissafin shekara sittin ɗin nan ne yake hana ni sakat. A irin wannan tazara zafin gaba ya lafa, har mutum zai iya ba da labarin ɓangarori biyu ba tare da ya zagi kowa ba, kuma ba a rasa tsoho ɗaya ko biyu da suka gani da idonsu. In aka ƙara jinkiri kaɗan, sai dai a ce "an ce".

Mu ma a nan Nijar mun san wannan. Abdoulaye Mamani ya fitar da littafinsa a kan Sarauniya Mangu a 1980, shekara 81 bayan ta tari rundunar Faransa a Lugu a 1899. Shi ya raya sunanta a zukatan 'yan makaranta, amma lokacin da ya zo shaidun gani da ido sun kusa ƙarewa.

Yau waɗanda suka ga ranar 'yancin kai a 1960 da hankalinsu sun haura saba'in. Waɗanda suka binne shanunsu a farin 1973 suna nan da sauran ƙarfi, wasunsu ma sukan kira ni a shirin dare, su fara ba da labari, agogo ya tilasta mini katse su. Minti uku ba ya ɗaukar abin da ke bakinsu.

Scott ya rasu a 1832, amma ceton da Stewart ya yi har yau ana karanta shi, don wani yaro ya zauna ya saurara. Ga waya a hannun kowa, tana naɗar murya. In akwai tsoho a gidanku, kada ku bari sai gobe.