Tattabarar Ta Isa Gida, Kwamandan Bai Isa Ba

Ina yaro na yi kiwon tattabaru, don haka da na fara cin karo da wannan labari, tsuntsuwar da ke cikinsa ce ta sace zuciyata. Sai da shekaru suka ja na gane cewa ba ita ce jigon labarin ba.

Ranar 2 ga Oktoba, 1918, ana dab da ƙare Yaƙin Duniya na Ɗaya, sojojin Amurka fiye da 500 suka kutsa dajin Argonne na Faransa, ƙarƙashin Manjo Charles Whittlesey, wani lauya daga New York. Sun ɗauka rundunonin da ke dama da hagunsu na tafe tare da su, ashe abokan gaba sun tare waɗancan a baya. Kafin su ankara, Jamusawa sun yi musu ƙawanya a wani kwari.

Kwana biyar suka yi a nan. Guzuri ya ƙare. Ga rafi a kusa, amma duk wanda ya nufe shi harsashi ke tarbarsa. Abincin da jiragen sama suka jefo musu bai faɗo wurinsu ba. Ranar 4 ga wata kuma manyan bindigogin nasu bangaren suka shiga yi musu luguden wuta bisa kuskure. Whittlesey ya saki tattabararsa ta ƙarshe, Cher Ami, da saƙon a tsagaita. An harbe ta, ƙafarta na reto, amma ta isa.

Ranar 7 Jamusawa suka aiko da takardar neman su miƙa wuya. Bai ba su amsa ba. Sai ya sa aka naɗe fararen ƙyallayen da ake yi wa jirage alama da su, kada a zaci tutar saranda ce. A daren nan agaji ya iso. Mutum 194 ne suka fita da ƙafafunsu.

Yawancin masu ba da labarin a nan suke tsayawa. An ba Whittlesey lambar yabo mafi girma ta sojan Amurka, aka yi ta gayyatarsa taruka, iyalan mamata na yi masa sallama. A Nuwamban 1921 yana cikin waɗanda suka raka gawar sojan da ba a san sunansa ba zuwa maƙabartar Arlington. Bayan mako biyu ya shiga jirgin ruwa mai zuwa Kyuba, ya bar wasiƙu a ɗakinsa, ba a sake ganinsa ba. Shekarunsa 37.

Abin da ya tuna mini da shi wani maƙwabcina ne, soja da ya dawo daga fagen daga a Arewa maso Gabas. Jikinsa lafiya lau, ba ko ƙwarzane. Amma sau da yawa in na fito sallar asuba nakan tarar da shi zaune a ƙofar gida, kuma na san bai runtsa ba. Na daɗe ina ce masa "sannu da ƙoƙari" in wuce, ina ganin na sauke nauyi.

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma maƙwabci ma yana da ido. Kowace 15 ga Janairu muna ajiye furanni domin waɗanda suka kwanta dama. Waɗanda suka dawo da yaƙin a ƙirjinsu fa, wa ke kai su wurin likita, wa ke sauraronsu?

Shekaranjiya ban wuce ba. Na shimfiɗa tabarma kusa da shi, muka yi shiru tare har aka ta da salla.