Ɗaukakar Allah a Gindin Gawo

Mu da muka tashi a ƙauyukan ƙasar Malumfashi wajajen shekarun 1970 mun gaji wata dukiya wadda ba a ajiye ta a rumbu. Majami'armu ta ECWA ginin laka ce, wurin zama dakali ne da aka jera, ƙararrawar kiran sujada kuwa tsohon ƙarfen mota ne a rataye jikin darbejiya. Littafi Mai Tsarki na Hausa, fassarar da aka fara bugawa a 1932, ba kowane gida ke da shi ba, domin yawancin dattawanmu daga Maguzanci suka fito da girmansu, ba su yi boko ba. Amma Allah ya ba su ido. Abin da suka ji mai bishara ya karanta ran Lahadi, shi suke gani a gona ran Litinin, su kira mu su nuna mana.

Kakata ta wajen uba ita ce malamata ta farko a wannan fanni. A tsakiyar gonarmu akwai wani babban gawo, kuma ba ta wuce shi ba tare da ta tsaya ba. Takan ce, "Maigidana, zo ka ga aikin Mai Sama. Wane itace ne ke tuɓe riga da damina, ya sa ta da rani?" Gaskiya ta faɗa. Da ruwa ya sauka, sauran itatuwa na tofo, shi gawo sai ya kakkaɓe ganyensa. Ganyen ya ruɓe ya zama taki, rana kuma ta samu hanyar isa ga shukar da ke gindinsa, shi ya sa dawar wurin ta fi ta ko'ina kauri. Idan kaka ta wuce, ƙasa ta bushe, sai ya yi kore shar. Shanu da tumaki su taru a inuwarsa, su ci 'ya'yansa, su bar wa gona kashinsu. Ba wanda ya shuka shi, ba wanda ya ba shi ruwa. Kaka takan ce wanda ya tsara wannan ya san manomi, ya san akuya, ya kuma san zafin watan bazara. Daga nan sai ta kama waƙar yabo ta ci gaba da tafiya.

Haka shekara take juyawa a wurinsu, kowane lokaci da nasa dalilin godiya. In aka ga shamuwa ta sauka a kan tsamiya ta fara tara kara, Baba yakan fito da iri ya duba, ya ce baƙuwa ta iso, ruwa na hanya. Tsuntsuwa ce da ke ƙaura zuwa kudancin Afirka ta dawo, ba ta ɓata hanya, ba ta saɓa lokaci. Daren ruwan farko ba ma barci da wuri saboda ƙanshin ƙasa da shinge da ke zagaye fitilar ƙwai. Kashegari kafin sungumi ya taɓa ƙasa, Baba ya cire hula a bakin gona ya yi addu'a gajeruwa. Ya sha gaya mana cewa aikin manomi ya ƙare a binne iri. Fasa ƙwayar da fito da tsiro a cikin duhun ƙasa, sa'ad da mai gona ke barci, aikin wani ne. Sai da na girma na iske Yesu ya yi misali da wannan a Markus sura 4, na gane inda Baba ya ɗebo ruwansa.

Kada wani ya ɗauka godiyar mai ƙoshi ce. Farin 1973 ya gwada ta. Ruwa ya ɗauke da wuri, amfanin gona ya ƙone a tsaye, mutane da dabbobi suka riƙa gangarowa daga arewa suna neman abin kai wa baki. A gidanmu an koma dafa tuwo sau ɗaya, sauran cikin a cike shi da kwaɗon rama da tafasa da zogale. Ban taɓa mance yadda Inna ke ajiye akushi ba, mu kewaye shi, Baba ya yi godiya da irin muryar da yake yi a shekarar yalwa. Yakan ce tafasar nan ba mu muka shuka ta ba, a bakin hanya Allah ya ajiye mana ita tun kafin mu san za mu nema. Abin da ya ragu a akushin kuma ana miƙa wa baƙon da ke zaure, ba a tambayar addininsa.

Shi ya sa ranar godiyar kaka take da nauyi a zukatanmu. Maza su shigo da dammunan dawa da gero a ka, mata da ƙoran gyaɗa da wake da kabewa, yara da kaji a hammata. Matan Zumunta su ɗauki waƙa da ganga da tulu da caki har ƙura ta tashi. Gwauruwar da ba ta da gona takan kawo ƙullin daddawa ko 'yar kwalbar man kaɗe, dattawan ikilisiya su karɓa da hannu biyu. A nan na koyi cewa yaba kyauta tukuici ne, kuma babu kyautar da ta yi ƙanƙanta a gaban wanda ya ba da ita tun farko.

Idan na buɗe Linjila yanzu, sai in ga hanyar dattawanmu ita ce hanyar Ubangiji kansa. Ya yi shekaru wajen 30 a Nazarat, a gidan masassaƙi, kafin ya fara wa'azi. Da ya fara, da tsuntsaye da furannin jeji ya koyar da dogara ga Allah, da yisti da ƙwayar mastad ya bayyana Mulkin Sama, da gurasa ya bar mana abin tunawa da shi. Mai Zabura ta 104 ma ciyawa da maɓuɓɓugai da sheƙar tsuntsu ya lissafa ya yabi Mahalicci.

Irin wannan ido yana iya rayar da ƙasa. Tony Rinaudo, ɗan Ostareliya da ya yi aiki da mishan ta SIM a Maraɗi, ya sha dasa itatuwa suna mutuwa. A 1983, bayan ya kai kukansa ga Allah, ya lura cewa 'yan tsirran da manoma ke sassabewa kututturan itatuwa ne masu rai, saiwarsu na nan a ƙasa. Aka fara barin su ana yi musu aski, abin da ake kira sassabin zamani. Yau ana ƙiyasta cewa hekta kusan miliyan 5 ta farfaɗo a Nijar ta wannan hanya, kuma gawo na cikin itatuwan da suka fi yawa. Amsar addu'ar ta daɗe a gona tana jiran mai dubawa.

Yau yawancinmu muna birni. Muna cika wuraren taron farkawa da addu'ar dare muna neman abin al'ajabi, kuma na gaskata Allah yana yin sa. Abin da ke damuna shi ne, mun fara ɗauka cewa in ba a ga gurgu ya tashi ba, Allah bai zo ba. Mutum ya kwana lafiya, ya buɗe famfo ruwa ya zubo, yaransa suka dawo daga makaranta ba ko ƙwarzane, amma a lokacin ba da shaida ya ce ba shi da abin faɗa. 'Ya'yanmu sun san sunayen 'yan ƙwallon Ingila, ba su san gawo ba.

'Yan'uwa, yabon gwani ya zama dole. Mu dawo da addu'a a bakin akushi, mu kai yara gona ko da sau ɗaya a damina, mu nuna musu tsiro, mu gaya musu wanda ya fito da shi. Yaron da ya koyi gode wa Allah saboda tuwon dare ba zai rasa abin riƙewa ba a ranar da fari ya zo.